Sanƙarau, Zunubi da Ƙurar Hunturu: Gwada Hujjar Masu Shakka a Ƙasar Jega, Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki sukar da masu shakka, waɗanda suka jingina da kimiyya, suke yi wa bayanin da ake bayarwa da sunan addini idan musiba ta auku, ta gwada ta a kan annobar sanƙarau da ke yawan ziyartar Jega, Aliero da Maiyama. Ra'ayin maƙalar shi ne sukar ta sami gaɓa a inda aka mai da zunubin jama'a sanadin cuta, domin wannan da'awa ce da ake iya aunawa, kuma an auna ta faɗi. Amma sukar takan wuce gona da iri idan ta yi tsalle daga nan zuwa asalin imani. An kuma duba sana'ar ɗori da noman albasa a Aliero, don ganin inda mutanenmu suke yarda da gwaji da inda suke ƙin sa.

Gabatarwa



A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta tabbatar da rasuwar mutum 26 daga cutar da ake zaton sanƙarau ce, kuma Gwandu da Jega da Aliero su ne kan gaba a wuraren da abin ya shafa. Wanda ya zauna a wannan yanki ya san maganganun da ke biyo bayan irin wannan labari. A wajen zaman makoki ana cewa kwana ne ya ƙare, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya da uban da ya binne ɗansa da safe. Amma a majalisa da tashar mota, wani lokaci har a kan mumbari, akan ƙara wata magana: wai saɓo ne ya yi yawa, shi ya sa Allah ya saukar da bala'i. Maganar farko ta'aziyya ce. Ta biyu bayani ce a kan sanadi, tana gaya mana dalilin da ya sa cuta ta zo wannan gari, a wannan wata, ta kama waɗannan yara. Ita ce nake son mu ɗora a kan sikeli.

Abin da masu shakka ke cewa

Sukar addini da hujjar kimiyya tana da dogon tarihi a Turai, ba kuma zan tsaya bin sa daki-daki ba. A 1748 David Hume na Sikotilan ya yi jayayya cewa duk labarin abin al'ajabi da ya saɓa wa yadda duniya ta saba gudana, yiwuwar mai ba da labarin ya yi kuskure ta fi yiwuwar abin ya faru. A 1872 Francis Galton ya yi abin da ya fi wannan tsaurin ido. Ya lura cewa a majami'un Ingila kowane mako ana roƙa wa gidan sarauta tsawon rai, sai ya lissafa shekarun sarakunan, ya ga ba su fi sauran masu hali daɗewa a duniya ba. A 2006 Richard Dawkins ya fitar da littafinsa mai suna The God Delusion, inda ya ɗauki samuwar Ubangiji kanta a matsayin hasashen kimiyya da za a iya gwadawa.

Amma ma'aunin da na ga ya fi amfani gare mu shi ne na Karl Popper. A wurinsa, magana ba ta shiga sahun kimiyya sai mai ita ya iya faɗar abin da, in ya faru, zai ƙaryata shi. Wannan ma'auni kaifi biyu ne da shi, abin da masu shakka da yawa kan manta. Mumini zai ce wa Galton addu'a ba maganin tari ba ce da za a auna da cokali, Allah yana amsawa yadda ya so, a lokacin da ya so. Amsar ta tsaya da ƙafarta, kimiyya ba ta da hanyar rushe ta. Sai dai tana da farashi. Wanda ya fake da ita ya yarda ke nan cewa maganarsa ba ta filin awo ba ce, don haka ba shi da damar ya dawo gobe ya ce ya san takamaiman zunubin da ya jawo sanƙarau a Sabiyal ko Kimba. Ba a cin tuwo biyu da loma ɗaya.

Halin cutar

Tun 1887 Anton Weichselbaum ya gano ƙwayar bakteriyar da ke haddasa irin sanƙarau mai zama annoba. Mazauninta bayan hanci da maƙogwaro ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita yana harkokinsa lafiya lau. Tana bin tari da atishawa da kusantar numfashi. Matsala takan fara ne idan ta keta fatar cikin hanci ta shiga jini, ta kai ga lulluɓin ƙwaƙwalwa da lakar baya. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura. In ba a yi magani ba tana iya kashe rabin waɗanda ta kama. Ko da magani, kusan ɗaya cikin goma yakan tafi, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai masu saura da kurumta ko farfaɗiya.

Yanzu mu yi wa bayanin zunubi tambayoyi irin na Popper. In saɓo ne sanadi, me ya kamata mu gani?

Da farko, bai kamata cutar ta san kalanda ba. Amma ta sani. Takan kunno kai ne bayan iskar hunturu ta busar da ƙasa, ta tsananta a bazara tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da laimar iska ta yi ƙasa ƙwarai, ƙura ta kakkarce cikin hanci, mutane kuma suna kwana a cunkushe. Da an yi ruwan farko mai ƙarfi sai ta kwanta kamar an yi ruwa an ɗauke. Ban ji malamin da ya taɓa cewa mutanen Maiyama sun fi tsoron Allah a watan Agusta fiye da watan Maris ba.

Bai kuma kamata ta san taswira ba. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da annobar ke yawan aukuwa, wata ɗamara da ta taso daga Sanagal ta dire Habasha, ta ratsa ta kanmu. Iyakarsa tana bin layin yawan ruwan sama ne. Legas da Fatakwal suna wajensa, Jega da Maraɗi suna tsakiyarsa. Wanda ya ce hukunci ne a kan fasiƙanci, sai ya gaya mana abin da ya sa hukuncin yake tsallake biranen bakin teku ya sauka a ƙauyen da ladan ke tada kowa da asuba.

Tambayar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta waɗanda cutar ke ɗauka. A annobar da aka yi a Najeriya a 2017, yara 'yan shekara 5 zuwa 14 su ne suka fi yawa cikin waɗanda suka kamu. Mafi yawansu alƙalami bai ma hau kansu ba.

Sai kuma gwajin da tarihi ya yi mana ba tare da mun roƙa ba. A 1996 nau'in A na wannan ƙwaya ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, a 2011 ta iso arewacin Najeriya. Cikin 'yan shekaru nau'in A, wanda ya shafe kusan ƙarni yana yi mana ɗauki ɗai-ɗai, ya kusa ɓacewa daga yankin baki ɗaya. Babu wanda ya ba da labarin wata gagarumar tuba da aka yi a 2011. Allura aka yi.

Gargaɗin shekara huɗu

Da nau'in A ya ja baya, sai wani sabon iri na nau'in C ya ɓullo, kuma a ƙofar gidanmu ya ɓullo. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun gan shi a Jihar Sakkwato a 2013, suka gan shi a Jihar Kebbi a 2014. A 2015 ya dawo da ƙarfi a jihohin biyu, Aliero da Jega suna cikin wuraren da ya fi yi wa ɓarna, a shekarar kuma ya kama fiye da mutum 8,000 a Jamhuriyar Nijar, akasarinsu a Yamai da kewaye. Duk wannan an rubuta, an buga, an kai rahoto. Da ya zo a 2017 ya mamaye Zamfara, Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, 1,166 suka rasu.

A watan Afrilu na shekarar ne Gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya gaya wa 'yan jarida a Abuja cewa saɓon Allah da mutane suka ƙi bari, musamman zina, shi ya jawo wannan nau'i da ba a da rigakafinsa. Daga baya muƙarrabansa sun ce ba a fahimce shi ba. Kwana kaɗan bayan haka, a taron zuba jari na Kaduna, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mai da martani a bainar jama'a, ya ce maganar ba ta yi daidai da Musulunci ba, in babu allura a faɗa, a je a nemo.

Akwai abin lura biyu a nan. Allurar nau'in C ba sabuwa ba ce, Ingila ta sa ta cikin jerin rigakafin yaranta tun 1999. Abin da ya faru shi ne ba a tanade ta ba, sai da gawa ta fara yawa aka shiga neman ta a rumbun agajin gaggawa na duniya, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyun shi ne wanda bayanin zunubi ya amfana. Idan saɓon talakawa ne sanadi, to babu wanda zai tambayi kasafin kuɗin lafiya, ko ya tambayi dalilin da ya sa ake ɗaukar ruwan ƙashin bayan mara lafiya a yi doguwar tafiya da shi kafin a sami ɗakin gwaji. Laifi tudu ne. A nan na yarda da masu shakka ba tare da wata inda-inda ba: bayanin da ke wanke mai mulki ya ɗora wa mamaci laifi, ya cancanci a tuhume shi sau biyu.

Shakka daga cikin gida

Amma wa ya yi wa gwamnan raddi mafi tasiri? Ba almajirin Dawkins ba ne. Basarake ne da ya yi karatun shari'a a Khartum, kuma da harshen addini ya yi magana. Wannan ya kai ni ga inda nake ganin masu shakka na zamani sun yi kuskuren lissafi: suna zaton bin diddigin sanadi kayan aro ne da sai an fita daga addini ake samun sa.

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufin rana a Madina, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuma ya kore wannan alaƙa da bakinsa. Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, duk da an tuhume shi da gudun ƙaddara. A ƙarni na 14, bayan baƙar annoba ta ratsa Andalus, Ibn al-Khatib na Garnaɗa ya kafa hujja da abin da ido ya gani, cewa cuta tana bin tufafi da kwanuka da jiragen da suka zo daga garin da ta kama, kuma waɗanda suka killace kansu sun tsira. Littattafan tauhidi na Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, waɗanda har yau ake karantawa a zaurukanmu, sun raba hukunci gida uku: na shari'a, na hankali da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne wanda ake tabbatarwa ta hanyar maimaituwa, kamar ƙunar wuta da ƙoshin abinci. Malamin zaure zai ce ba wuta ke ƙonawa da ikonta ba, Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin haɗuwa. Masanin kimiyya zai ce shi wannan bai shafi aikinsa ba. Amma su biyun ba wanda zai sa hannu a murhu. A kan tambayar ko ƙura da cunkoso da rashin allura suna tare da sanƙarau, hukuncin al'ada da ɗakin gwaji amsarsu ɗaya.

Ba ma sai mun je Andalus ba. Gwandu tana nan kusa da mu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke can, ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki a littafi guda. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan ciwon ido da basir. Shehu Usmanu kuma a Nurul Albab ya yaƙi camfe-camfe irin su duba da zaɓen ranakun sa'a da yanka ga itatuwa da duwatsu. Ba ina cewa waɗannan malamai masana kimiyyar zamani ne ba, magungunansu na zamaninsu ne. Abin da nake cewa shi ne tambayar "ina hujjarka?" ba baƙuwa ba ce a ƙasar Gwandu.

Rudu da ɗori

Aliero ta yi suna da abu biyu tun kafin a kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006: albasa da ɗori. Na daɗe ina mamakin yadda gari ɗaya yake tafiyar da su da tunani iri biyu.

Manomin albasa gogaggen mai gwaji ne, ko da bai taɓa jin sunan Popper ba. Yana jarraba iri a ɗan kwami kafin ya sake jiki da shi. Ya san in ya cika taki ko ya yi ban ruwa dab da cira, albasa ba za ta jure ajiya ba. In ya buɗe rudu, wato ma'ajiyar albasa, ya tarar ta ruɓe, zai ce Allah ya ƙaddara, da gaske kuma yake, amma nan take zai duba ko danshi ne ya taso daga ƙasa, ko iska ce ba ta ratsawa, ko bai bar ta ta sha iska ba kafin ya zuba. Ba zai ce zunubin maƙwabcinsa ne ya ruɓar da ita ba. Imani da bincike suna zaune a ƙirjinsa ba faɗa.

A wajen ɗori kuwa lissafin yakan canza. Ba na raina maɗora. Gado ne, akwai gwaninta ta gaske a hannun da ya shekara talatin yana shafa karaya, kuma suna karɓar mutanen da kuɗin asibitin ƙashi ya fi ƙarfinsu, har daga Nijar da Benin. Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa. Ƙashi da kansa yake haɗewa. Jini yakan taru a wurin karaya, guringuntsi ya tsiro, ya koma ƙashi cikin makonni shida zuwa goma sha biyu ga babba, yaro kuma bai kai haka ba. Aikin mai ɗori, na gargajiya ne ko na asibiti, shi ne daidaitawa da hana motsi. Saboda haka karaya mai sauƙi za ta warke ko an yi tofi ko ba a yi ba, yabo kuma ya tafi ga tofi da sirrin gida. Idan kuwa aka matse ɗauri a kan gaɓar da ke kumbura, jini ya kasa wucewa, naman ya mutu, hannun yaro ya shanye ko ya ruɓe har a yanke, sai a ce ƙaddara ce, ko a ce majinyaci ya karya sharaɗi. Nasara ta sirri ce, asara ta ƙaddara. Da'awar da aka gina haka ba abin da zai taɓa ƙaryata ta, shi ya sa kuma ba ta gyaruwa. Da za a riƙa yi wa kowane ɗauri tambayar da ake yi wa rudu, a ɗauki hoton ƙashi kafin a ɗaure, a riƙa duba yatsu ko sun yi sanyi ko sun canza launi, a rubuta wanda ya warke da wanda bai warke ba, da sana'ar ta ƙaru, ba kuma wanda zai hana a yi bisimilla.

Farar riga ma abar tuhuma ce

Zai zama rashin adalci in tsaya a nan kamar shakka hanya ɗaya take bi. A cikin annobar 1996 ɗin nan ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu cikin gwajin, aka yi ta shari'a a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 wasu jihohin arewa suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, zargin bai tabbata ba, kuma yara da dama sun shanye saboda dakatarwar, a nan da ƙasashen da cutar ta tsallaka. Amma tsoron bai faɗo daga sama ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Abin da ya warware rikicin shi ne gwaji a gaban idon masu zargi, da sayo maganin daga Indunusiya, har Kano ta koma yi a watan Yuli na 2004, sannan sarakuna a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga gaba. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Ita kuwa shakkar da ke kai hari ga asalin imani, mun ga makomarta a arewa. Mubarak Bala, shugaban ƙungiyar 'yan ra'ayin ɗan'adamtaka ta Najeriya na lokacin, an kama shi a Kaduna a watan Afrilu na 2020 saboda rubuce-rubucensa a Facebook, wata kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024. A ganina kurkuku ba ya amsa hujja, kuma hukuncin farko ya yi tsauri ƙwarai. Amma ta fuskar abin da wannan maƙala ta sa gaba, duk wannan taƙaddama ba ta kai yaro ko ɗaya asibiti da wuri ba. Ta dai sa kalmar "shakka" ta ƙara wari, har likita ko malamin makaranta ya riƙa jin tsoron cewa gwamna ya yi kuskure a kan sanadin cuta, kada a ce ya taɓa addini.

Mu koma kan sanƙarau. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y. Shekara guda bayan haka aka ƙirga gawa 26 a nan. Abin da nake roƙon sashen nazarin ƙananan halittu na jami'ar Aliero da kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega su auna mana kafin bazara mai zuwa abu ne mai sauƙi: awa nawa ke wucewa daga lokacin da wuyan yaro ya sanƙare a Andarai ko Mungadi zuwa lokacin da allurar farko ta shiga jikinsa, kuma a ina aka ɓatar da waɗannan awoyi, a wajen mai rubutu ne, ko kantin magani, ko jiran babur, ko a bakin ƙofar asibitin da babu magani a ciki.